Jirgin Surukar Inuwa

Inuwa masassaƙi bai taɓa ganin teku ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Iyakar ruwan da ya sani shi ne kogin Haɗejiya da fadamarsa, wadda kan cika ta batse da damina har mutum ya rasa inda gonarsa take. Amma duk da haka, a unguwar masuntan da ya zauna, tsakanin Auyo da Haɗejiya, Mai Jirgin Iska ake ce masa. Ya ƙera ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska da yawa a rayuwarsa, wasu ya ba abokai, wasu suka ruɓe a rataye a zaurensa. Na farkon dai shi ne mai labari, kuma ba don nishaɗi ya yi shi ba.

Sassaƙa gadonsa ce. Turmi, akushi, ƙotar fartanya, kwalekwale na itacen maje, duk a hannun ubansa ya koya. Sai dai yana da wata ɗabi'a da uban bai koya masa ba. Kafin ya sa gizago a gungumen kwalekwale, sai ya fara sassaƙa ɗan ƙarami kamar tsawon hannu, ya sa a kasko cike da ruwa, ya tsuguna yana kallon yadda ya zauna. Mutane su wuce suna cewa ƙato da gemu yana wasan yara. Shi kuwa ko ɗaga kai ba ya yi, don Inuwa mutum ne marar yawan magana, ga kunya kamar ta kashe shi.

Matarsa Mairam ita ce mai bakin gidan. 'Yar Barebari ce, iyayenta daga wajen Chadi suka taso. Tana ƙarama uwarta Gumsu da ubanta suka kama hanyar Makka a ƙasa, suka bar ta wurin gwaggonta, a nan ta girma har Inuwa ya aure ta. Don haka ya daɗe yana zaman aure ba suruka a kusa, yana cin tuwonsa a tsakar gida ƙafa a miƙe. Sai ga shi wata rana, bayan jirgin ƙasan Turawa ya fara ratsawa ta Malam Madori, wata 'yar gajeriyar tsohuwa ta yi sallama da ƙunshi a ka. Gumsu ce ta dawo, ita kaɗai, mijin ya rasu a ƙasar Sudan a kan hanyarsu ta komowa. Aka yi kuka, aka yi murna, Inuwa ya kafa mata ɗaki ya kewaye da zana.

Daga ranar nan Inuwa ya zama baƙo a gidansa. Kowa ya san yadda ake da suruka, amma nasa ya yi yawa. In ya hango ta sai ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa, ya gaida ƙasa. Ba ya ci ba ya sha inda za ta gan shi. An ce wata rana ya ji tarinta a soro, ya koma ya haura katangar bayan gida da gungumen turmi a kafaɗa. Ita ma ba ta kama sunansa, in ta kama dole sai ta ce wa Mairam, “Mutumin nan naku.”

Gumsu tsohuwa ce mai daɗin hira. Da la'asar takan fito gindin tsamiya inda masunta ke ɗinkin koma, mata su kewaye ta, ta yi ta ba su labarin hanya. Duk abin da ta faɗa an yarda. Raƙuman da ba sa ƙirguwa, an yarda. Shekarun da suka yi suna tsinkar auduga a Sudan kafin su tara guzuri, an yarda. Sai da ta zo kan Bahar Maliya sannan magana ta lalace. Ta ce daga Sawakin zuwa Jidda wani jirgin katako suka shiga, ba sandar tuƙi, ba filafili, ba wuta irin ta jirgin Nasara. Dogon itace ne tsaye a tsakiyarsa, an rataya masa makeken farin zane, iska ta cika zanen, ita ke tafiya da su.

Haladu ya ajiye komarsa. Shi ne babban masuncin unguwar, ya san ruwa ba laifi, sai dai bakinsa ba linzami. Ya ce, “Iya, zane fa kika ce? Irin wanda ake shanyawa?”

Ta ce, “Shi fa.”

“Ni a cikin kwalekwale aka yaye ni. Ko rigata na buɗe wa iska ina tsaye a ciki, a ruwa zan tsinci kaina. Balle zane mai girman rumfa.”

Aka yi dariya, ita ma ta yi, don ta zaci abin ya tsaya nan. Ina! Kafin kasuwar Auyo ta zagayo, magana ta canza kama. Wai wanda ya ga teku da idonsa ba zai faɗi wannan ba, ashe tsohuwa a gonar auduga ta tsaya, ta ji labari a bakin wasu ta ƙara gishiri. Waɗanda ke ce mata Hajja suka koma Gumsu kawai. Wasu marasa ta-ido har suka laƙaba mata Hajjar Auduga. Kai, mutane ba su da kirki wani lokaci. Mace ta taka ƙasa da ƙafarta shekara da shekaru, ta binne mijinta a hanya, a ce bakin masu ɗinkin koma ne zai ƙwace mata hajjinta.

Inuwa ya ji zafin abin nan ƙwarai, ga shi ba shi da bakin musu. Abin da ya iya shi ne itace. Ya kira Mairam ya ce, “Ki tambayo mini Iya yadda jirgin nan yake. Zan yi ƙaraminsa, in sa a fadama kowa ya gani.”

Nan fa Mairam ta zama 'yar aike tsakanin zaure da ɗakin uwarta. Ita auta ce, ba kunya tsakaninsu, kuma ba ta da haƙurin dogon zance. Gumsu kuwa ba ta iya amsa tambaya a miƙe ba. A tambaye ta tsawon itacen tsakiya, sai ta fara da wata Bazabarma da suka zauna tare, da amai, da zafin rana, da ciwon kwankwaso, sai can a ƙarshe ta faɗi tsawon. Mairam ta zubar da duk wannan a hanya, ta kawo wa mijinta tsaba: baki tsini ne, baya faffaɗa, zanen kusurwa uku gare shi, akwai wani faifan katako a baya da ake juyawa. In Inuwa ya ce, “Shi ke nan abin da ta ce?” sai ta ce, “Sauran mita ce, Malam.”

Abu guda da ya ba shi mamaki shi ne wai ba gungume ɗaya aka rarake ba, falle-fallen katako ne aka jera a kan wasu itatuwa masu lanƙwasa kamar haƙarƙari. Bai taɓa yin irin wannan ba, kuma abin ya shiga ransa ba kaɗan ba. Ya tsaga maɗaci siriri-siriri, ya jiƙa a ruwan zafi, ya lanƙwasa a gwiwa. Rabi suka karye, ya sake tsagawa. Ƙayar aduwa ta zama ƙusarsa, yana huda da mahuji yana cusawa ɗaya bayan ɗaya. Ya toshe tsakanin katakan da auduga da ƙaron maje. Ya murza zaren rama ya yi igiyoyi, ya yanki gefen tsohuwar rigarsa ya yi zanen. Masu jiran turmi suka yi ta zarya, yana ba su haƙuri. Mairam ta ce tunda ta aure shi ba ta taɓa jin yana ƙananan waƙoƙi a bakin aiki ba sai a lokacin nan.

Da ya zo kan gindin jirgin bai ma aika tambaya ba. Me zai tambaya? Jirgi ai shimfiɗaɗɗen gindi gare shi, marar nauyi, don ya wuce kan ciyawa da yashi. Haka ubansa ya yi, haka kakansa ya yi, haka shi ma ya yi wa wannan.

Jirgi ya fito tsawon kamu biyu, kyakkyawa, sai sheƙi yake. Ranar da za a sa shi a ruwa fadama ta cika maƙil, iskar damina na kaɗawa. Unguwa duka ta fito. Gumsu ta tsaya can gefe cikin mata, Inuwa ya zaɓi wurin da zai juya mata baya, ya shiga ruwa har gwiwa, ya yi bisimilla ya saki. Zanen ya cika. Jirgin ya ɗan yunƙura kamar abin kirki, sai ya karkata, ya tuntsure, ya kwanta rub da ciki da gindinsa a sama.

Dariyar da aka yi ranar nan har da masu riƙe ciki. Haladu bai ma yi dariya sosai ba, wanda ya fi ciwo ya yi. Ya ce, “To, ga hannun Inuwa, duk ƙasar nan ba wanda ya fi shi. In nasa bai tafi ba, na wa zai tafi?” Inuwa ya tsamo jirginsa, zanen ya yage ya sha taɓo, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya zo gyara ne ya ƙara ɓatawa, yanzu da hannunsa ya ba su shaida a kan surukarsa.

Gumsu ta daina fita gindin tsamiya. Goron ma da take tauna da nishaɗi ta ajiye. Mairam ta kai mata tuwo ta dawo da shi kusan yadda yake. Inuwa ya yi kwanaki yana juya jirgin a kasko, ya rage zane, ya gajarta itace, kowane lokaci in ya hura masa iska da faifai sai ya kife. Bai taɓa zargin tsohuwar da ƙarya ba, ko sau ɗaya. Ya dai san akwai abin da bai iso kunnensa ba.

Wata safiya ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya tuɓe takalma, ya je jikin zanar ɗakin surukarsa, ya tsuguna ya juya wa zanar baya. Mairam ta fito da sauri ta tsaya a tsakiya don ta ɗauki saƙo. Inuwa ya dubi turmin da ke gabansa ya ce da ƙarfi, “A gaya wa Iya ana gaisuwa. A ce mata ana so a ji tafiyar nan duka, daga shiga har fita, har da aman.”

Kafin Mairam ta buɗe baki, murya ta fito daga bayan zana. “A gaya wa mai tambaya an amsa. A ce masa aman ba kaɗan ba ne.”

Haka suka yi ta yi, shi yana gaya wa turmi, ita tana gaya wa zana, Mairam na tsaye tana juya kai kamar mai kallon dambe. Tsohuwa ta samu mai sauraro, ta saki jiki. Ta faɗi Bazabarmar, ta faɗi ruwan sha mai wari. Ta ce mata a can ƙasa aka zuba su, sai da suka sauka da tsani, rami ne da ya shanye tsayin namiji. Ta ce kwankwasonta bai sake komawa daidai ba tun daga duwatsun nan.

Inuwa ya ce wa turmi, “A tambayi Iya, waɗanne duwatsu?”

“A ce masa duwatsun da aka cika cikin jirgin da su mana. Manya-manya, an shimfiɗa tabarma a kai, a kansu muka kwana. Ai na gaya wa yarinyar nan ya fi sau nawa.”

Mairam ta ce, “Iya, ni na zaci mitar ciwon bayanki ce. Wane mai hankali ne zai zuba dutse a jirgi?”

Gaskiyarta kuwa. A fadamar Haɗejiya dutse ba abin da ake tuntuɓe da shi ba ne, sai na niƙa da aka sayo daga nesa, kuma kowane yaro ya san in dutse ya faɗa ruwa ba ya dawowa. Masunci ko tulu ya cika nauyi sai ya sauke shi daga kwalekwale. Amma Inuwa ya fara ganin abin a zuci: iska na tura sama, nauyi na riƙe ƙasa. Ya tambayi turmi ko Iya ta taɓa ganin gindin irin jirgin nan a waje. Zana ta amsa cewa a Sawakin ta ga an jawo wani kan yashi ana gyara, yana kwance a gefe guda don ba ya iya zama, gindinsa da kaifi kamar ƙashin ƙirjin kaza. Inuwa ya miƙe zumbur, har ya manta ya bar takalmansa a wurin.

Ya farke gindin jirgin gaba ɗaya ya sake shi, mai zurfi, da dogon ƙashin ƙirji daga baki har baya. Dutse kuwa, tsohon dutsen niƙan Mairam da ya tsage ya farfasa, ya jera a ciki, ya danne da katako. Ta yi masifa, ya ce ai ita ta zubar da duwatsun farko a hanya, sai ta biya. Ta fashe da dariya.

Saura zane. Yana cikin neman abin da zai yanka sai Mairam ta shigo zaure riƙe da wani farin ƙyalle sabo fil. Tsohuwa ce ta yanko shi daga likkafaninta da ta wanko da ruwan Zamzam, wanda ta ɗauko a ka tun daga Makka take ajiye da shi don ranarta. Inuwa ya ce a mayar, ba zai iya sa allura a wannan ba. Amsa ta taso daga can cikin gida, ba ta jira ɗan aike ba: “A gaya masa ni gajeriya ce, sauran ya ishe ni har da ragi.” Ya ɗinka shi da hannunsa, idonsa na kawo ruwa yana sharewa da kafaɗa.

Kafin ya gama, damina ta fara ja da baya, shinkafa ta fitar da kai, ruwan fadama ya soma sauka. Bai gwada a ɓoye ba, ko da yake Mairam ta roƙe shi. Ya ce a gaban mutane aka kunyata ta, a gabansu za a gani. Ya aika aka gaya wa Haladu. Jama'a ta fito fiye da ta farko, don kowa na son ya ƙara dariya. Gumsu ma ta fito, ta ci ado da mayafinta na Makka, ta tauna goro, ta zo har bakin ruwa ta tsaya.

Inuwa ya shiga ruwa da jirgin a ƙirji, yana jin nauyinsa. Da ya ajiye shi sai ya nutse har rabi, wani ya ce, “Wannan karon ma ba sai iska ta wahala ba.” Ya daidaita faifan baya, ya ɗaure igiyar zanen, ya yi bisimilla ya janye hannu.

Iska ta zo ta cika zanen. Jirgi ya karkata, mata suka kama baki. Ya ƙara karkata, sai ya tsaya a haka, ya ƙi faɗuwa. Sannan ya fara tafiya. Ya tsaga ruwa da bakinsa, ya ratsa tsakanin ganyen bado, ya fita fili, yana ƙara sauri, ba mai turawa ba mai ja. Wata mata ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Inuwa na tsaye cikin ruwa yana dariya da baki buɗe, shi da ba a cika ganin haƙoransa ba. Daɗi ya kama shi har ya juyo ya dubi surukarsa ido da ido, ya tuna, ya yi maza ya sunkuyar da kai.

Ita ba ta ma lura ba. Idonta na kan farin zanen da ke ƙanƙancewa a kan ruwa, leɓunanta na motsi. Na kusa da ita suka ji tana Labbaika a hankali, yadda suka yi a cikin jirgin da aka ce musu an kusa gaɓa, hawaye na bin kumatunta tana murmushi. Guɗa ta lafa.

Haladu ne ya faɗa kwalekwalensa ya bi jirgin, kada ya shige cikin shinkafar mutane. Sai da ya yi gumi kafin ya cim masa. Ya ɗauko shi, ya auna nauyinsa a hannu, ya leƙa cikinsa ya ga duwatsun, ya daɗe yana kallo. Da ya dawo gaɓa bai miƙa wa Inuwa ba. Gaban tsohuwar ya kai shi ya ajiye, ya tuɓe hularsa da ta jiƙe, ya tsuguna, yana ta sosa ƙeya. Kowa ya zaci haƙuri zai bayar, amma abin da ke cin masunci daban ne.

Ya ce, “To Hajja, in rana ta faɗi kuna tsakiyar ruwan nan, a ina kuke ɗaure shi?”

Ta share fuska da gefen mayafi, ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce, “Ba a ɗaurewa, ɗan nan. Matso ka ji.”

Ya matso. Sauran masuntan ma suka zazzauna a kan jiƙaƙƙen yashi, ta gyara zama ta fara daga Sawakin.